Kitson Jajiberin Sallah

A ƙarƙashin benen da muke haya a unguwar Hor Al Anz ta Dubai akwai ɗan shagon kayan miya na wani Ba'indiye. Wata Juma'a da hantsi na sauka sayen albasa, sai na tarar an kawo masa ɗanyar masara. Ba irin wadda ake ɓarewa a naɗe a leda ba ce, wannan da rigarta take, kore shar, kamar yanzu aka karyo ta. Na ɗauki ɗaya na ɗan yaye ɓawon. Gashinta ya zubo min a yatsu da sanyi da danshi, ƙamshin ɗanyen ganye ya bugi hancina. Mai shago yana ta tambayata guda nawa zai zuba, yana "yalla habibi", ni kuwa na daɗe da barin Dubai. Ina tsugune a bayan ɗakin kakata, ƙasa jiƙe a ƙarƙashin tafin ƙafata.

A gidanmu sunan wannan abu biyu ne. Maza suna ce masa gemun masara, yara mata kuma gashin masara. Ni har na kai shekara shida gashi nake ce masa, kuma daga nan za ka gane a wane ɓangaren gida na fi zama.

Gidanmu babban gida ne a wani ƙauye gabas da Kano. Mahaifina direban babbar mota ne, sai mu yi wata biyu ba mu sa shi a ido ba, saboda haka ragamar yaran gidan tana hannun yayansa, wanda muke kira Baffa. Baffa ba mugu ba ne. Mutum ne dai mai son kowane abu ya zauna inda aka ajiye shi. Sama da shi akwai kakana, Baba Tsoho, wanda ƙarfi ya hana zuwa gona, ya koma zaure yana saƙar tabarmar kaba da igiya. Can a ƙuryar gida kuma ɗakin kakata yake, Iya, makitsiyar unguwarmu.

Idan ka tashi a irin gidan, ka san ba rana ɗaya ake raba yara ba. Muna ƙanana duk ɗaya muke, a kwano ɗaya ake zuba mana, a bakin rijiya ɗaya ake cuɗe mu, in an yi ruwa mu fita tsakar gida tsirara muna tsalle. Sannu a hankali ne abin yake shigowa. Wata rana sai ka ga an ɗaura wa sa'arka ɗan guntun zane, an miƙa mata ƙaramin faifai, an ce ta haɗe ƙafafunta in za ta zauna. Kai kuma maƙeri ya ƙera maka 'yar fartanya daidai hannunka, wani yaya ya ɗaure maka danƙo. In ta faɗi ta yi kuka, a ɗauke ta a karkaɗe mata jiki. In kai ne, a ce tashi, ai namiji ba ya kuka. Su suna bakin murhu suna tuwon ƙasa a gwangwanayen tumatir, wannan uwa, wannan amarya. Mu muna ƙofar gida da motocin kara. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya karanta mana doka. Kallo ne kawai, da dariya, da "kai, fita waje, me kake yi a cikin mata?"

Ni ƙyanda ce ta jinkirta fitata. Ta kama ni a farkon wata damina, ta bar ni kamar tsinke, aka mayar da ni ɗakin Iya don ta yi jinyata. Wata uku cur ban leƙa ƙofar gida ba. Da na fara samun ƙarfi sai na riƙa fitowa gindin darbejiyar da ke ƙofar ɗakinta, inda take shimfiɗa tabarmar aiki. Mace za ta zo da kanta a tsefe, ta kwanta ta ɗora kai a cinyar Iya. Iya ta lakaci man shanu ta murza, ta ɗauki kibiya, wato ɗan siririn ƙarfen da take tsaga gashi da shi, ta ja layi tun daga goshi har ƙeya, fatar kai ta fito fes. Daga nan yatsunta su fara tafiya. Aikina shi ne riƙe kaskon mai da korar kaji. Matan suna ta hirarsu, sun manta da ni, ni kuma ba hirar nake saurare ba. Yatsun nake kallo: na dama ya shiga ƙarƙashin na tsakiya, na hagu ya biyo, a tsinci ɗan gashi a ƙara, a ci gaba. Har na kwanta abin yana yawo a idona.

Bayan ɗakin Iya akwai 'yar gonar masara ta Baffa, wadda yake ji da ita ƙwarai. Da masarar ta fitar da gashi, wani ja wani ruwan zuma, sai na samu kawunan da ba sa motsi, ba sa kuma cewa na ja musu da zafi. Kwana uku ina shiga da rana tsaka. Rana ta huɗu muka ji muryar Baffa tun daga bayan gida.

"Wa ya yi wa masarata kitso?"

Kunya biyu cur na kitse, kowace masara da jelarta a rataye. Baffa ya jera yaran gidan mata su bakwai, ya ce in ba ta yi ƙwaya ba su za su san inda za su samo masa. Kowacce ta rantse ba ita ba ce. Ni ko kallona bai yi ba, don bai taɓa zuwa masa a rai ba. Iya ta tako a hankali, ta kama jela ɗaya ta jujjuya, ta ɗago ta dube ni, sai ta ja mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

Washegari da maza suka tafi gona ta kira ni ɗaki, ta saki asabari. Kamar yadda kakanni suke wasa da jikokinsu, ita maigida take ce min.

"Maigida, kana da mata a gida ka tafi kana yi wa masara ado? Zo ka gyara min nawa."

Ta zame ɗankwali, furfurarta ta bayyana, laushi kamar auduga. Na ce yaya aka yi ta gane. Ta ce duk yaran nan na dama ne, ni kaɗai ne bahago, kitson bahago kuwa kwanciyarsa daban ce. A kan furfurar nan na koyi tsaga, na koyi kama gashi tun daga tushe ba tare da na sa mutum hawaye ba. In na karkace ta miƙo hannu ta shafa, ta ce warware, wannan hanyar shanu ce. Ba ta taɓa ce min in ɓoye ba. Asabarin da take saki ya isa ya gaya min.

Mutum ɗaya ce ta sani bayan Iya, ita ce ƙanwata mai bi min, wadda shekara ɗaya da 'yan watanni ne tsakaninmu. Ita ma kuwa tana da nata sirrin a hannuna. Da na warke aka tura ni cikin maza, sai ta bayyana ni ba na iya harbin komai da danƙo. Ko garwa aka ajiye min sai dutsen ya bi ta gefe. Ita kuwa, ranar da ta fara karɓar danƙona a bayan gari da sunan wasa, ta rufe ido ɗaya ta sako mangwaro daga reshen ƙoli. Daga nan muka ƙulla yarjejeniya. In an aike mu kai abinci gona, a hanyar dawowa ta harbo kurciya, ni kuma in riƙo ta ta fiffike in shigo gida ina ɗaga kafaɗa. Baffa ya shafa kaina ya ce yawwa, yanzu ka fara zama namiji. Ita tana bayana da kwanuka a ka, tana cije leɓe don kada dariya ta kufce mata. Ladanta shi ne duk 'yar tsanar da ta haɗa da ƙashi da zare, ni nake kitse mata, ƙawayenta suna ta mamakin gwanintarta.

Haka muka yi ta tafiya har shekarar da nake da takwas, da Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar damina.

Jajiberin Sallah ranar Iya ce. Tun da asuba ake layi a gindin darbejiya. A wannan shekara ta yi wa manyan mata nasu tun kwana biyu kafin nan, ta bar yara sai ranar jajiberi don kada su birkita. Da sassafe ta sa hannu cikin itacen girki, kunama ta harbe ta a babban yatsa. Aka kira wanzami ya yi abin da zai yi, amma zafin ya riƙe mata hannu har kafaɗa, ko kibiya ba ta iya ɗagawa. Yaran da aka tsefe wa kai duk aka kwashe su aka tura wurin makitsiyar bakin kasuwa.

Ƙanwata ba ta daɗe ba ta dawo da gudu. Ita dama fatar kanta ba ta son wahala, makitsiyar bakin kasuwa kuwa an san ta da zafin hannu, ga layi har waje. Ta ga yadda ake danne kan wata yarinya tsakanin gwiwoyi tana ihu, sai ta sulale. Mahaifiyarmu tana tsakiyar dakan Sallah, ga goyo, ita kuma ba ta iya kitso ba ko na kwabo. Ta ce to sai ki ɗaura ɗankwali ki rufe, wa zai leƙa? Amma kowa ya san za a leƙa. A yawon Sallah abin da yara mata suke fara yi ke nan, su zame ɗankwali su gwada na wa ya fi. Ƙanwata ta shige bayan rumbu da kanta buzu-buzu, ta ce ita ba za ta yi Sallar ba, a bai wa wata sabon zanen nata. Wata biyu tana ƙirga kwanakin zanen nan.

Bayan la'asar Iya ta aiko a kira mu mu biyu. Tana kwance, hannun a ɗore kan matashi. Ta ce in saki asabari, sannan ta ce, "Maigida, ga kai, ga kibiya."

Na dubi kan ƙanwata. Furfurar Iya daban, gashin yarinya mai cika da tauri daban, kuma wannan kitso fita zai yi gari. Na ce in aka gane fa? Ta ce ita dai tana kwance ba ta ga komai ba. Ƙanwata ta dube ni da jajayen idanu, ta zo ta kwanta ta ɗora kai a cinyata.

Shuku muka yi, irin wanda ake tattaro layuka daga ko'ina su haɗu a tsakiyar kai. Hadari ya haɗo, ɗakin ya yi duhu, sai da muka matsa bakin ƙofa inda haske yake shigowa ta tsakanin asabari. Ruwa ya sauko yana dukan rufin, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraya da na man shanu. Iya tana ba da umarni daga kan gado: rage wannan, ya yi kauri, ɗaga hannunka, kana kwantar da shi da yawa. Sau uku na warware layin gaba. Yatsuna suka ƙage, wuyana ya riƙe. Ƙanwata kuwa, wadda ko Iya sai ta yi mata wayo da alewa, barci ta yi. Ana kiran magariba na ɗaure jelar ƙarshe. Iya ta sa aka matso mata da kan, ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya da hannunta mai lafiya. Can ta ce, "Allah Ya yi maka albarka." Sannan ta kama kunnen ƙanwata ta ce in an tambaya, ta ce Iya ce ta lallaɓa.

Da a ce yara ne kaɗai suka gani, da an wuce wurin. Amma ranar Sallah da yamma ayarinsu ya biya gaisuwa gidan makitsiyar bakin kasuwa, ita kuwa duk garin ta san wa ya kitsa wane kai. Ta ga wanda ba ta sani ba. Ta jawo ƙanwata ta zame ɗankwalin, ta ce Iya da ke kwance da harbin kunama? Kuma yaushe Iya ta koma bahaguwa? Ƙanwata ta dage. Matar ta shiga ɗaki ta fito da tsinken gasasshiyar hanta. Ƙanwata ta ce min daga baya ta yi ƙoƙari, har yanka biyu ta ci ba ta faɗa ba. A na uku ne ta ce, "Yayana ne."

Kafin rana ta faɗi labari ya riga ni isa dandali. Ina zuwa da sabuwar rigata, yara suka kewaye ni suna tafi: "Ga mai kitso! A ba shi zane!" Wani ya cire hularsa ya durƙusa a gabana, wai a yi masa kalaba. Na san namiji ba ya kuka, don haka na rufe ido na kai masa naushi. Muka yi ta birgima a taɓo. Na koma gida riga a yage har cibiya, leɓe a fashe, kukan da na riƙe kuma ya zo duk da haka.

Da safe aka kira ni zaure. Baffa yana tsaye, Baba Tsoho yana zaune a kan buzunsa da ƙwaryar jiƙaƙƙiyar kaba a gefe. Ban taɓa ganin ran Baffa ya ɓaci haka ba, kuma yanzu da na girma na gane tsoro ne ya fi yawa a ciki. Ya ce a masallaci aka tare shi da maganar. Ya ce ƙaninsa ya bar masa amana, me zai ce masa in ya dawo ya tarar ana kiran ɗansa ɗan daudu? Ya ce tun yau za a raba ni da ɗakin Iya, in kuma ya ƙara ganin hannuna a kan mace, shi da ni ne.

Baba Tsoho bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce a kira masa yarinyar. Ƙanwata ta shigo tana raɓe-raɓe. Ya ce, "Zo nan, amarya, in ga abin da ya hana gari barci." Ya karkata kanta wajen haske, ya bi layukan da babban yatsansa, ya ce ta tafi. Sannan ya zaro silin kaba uku daga ƙwarya, ya ƙulle bakinsu, ya maƙala a yatsan ƙafata.

"Yi min irin abin da ka yi mata."

Na sunkuya na fara. Kaba ta fi gashi sauƙi nesa ba kusa ba, ba ta zamewa, ba ta da mai. Kafin Baffa ya gyara tsayuwa na kai ƙarshe. Baba Tsoho ya karɓa, ya ja da ƙarfi, ya naɗe a hannu ya sake ja. Ya miƙa wa Baffa.

"Mene ne wannan?"

Baffa ya ce igiya ce.

"To. Ni tun kafin a haife ka nake yin ta, da ita na ciyar da kai, ban ji wanda ya ce a ba ni zane ba. Kai na zaunar da kai shekara biyu a nan, ko ƙulli ba ka iya ba. Allah Ya kawo min mai hannu, kana neman ka karya shi."

Baffa ya sunkuyar da kai. Ni har na fara murna, sai tsohon ya juyo kaina. Ya ce amma Baffana bai yi ƙarya ba, gari ba zai bar ni ba. Daga yau in na dawo daga makaranta, nan zaure zan zauna kusa da shi. Kan mata kuma in bar wa mata.

Haka aka yi, kuma ba zan ce ban ji daɗinsa ba. Shekara biyar na yi a gefen Baba Tsoho. Na iya igiya, na iya tabarma, na ji labaran fatake da na yunwar da aka yi kafin a haifi mahaifina. Yaran da suka yi min tafi su ne suka dawo suna roƙona in saƙa musu majajjawa. Amma ɗakin Iya ya zama wurin da nake tsayawa daga bakin ƙofa in gaishe ta. Wani lokaci in na durƙusa sai ta zame ɗankwali kaɗan ta ce, "Maigida, ka ga yadda ka bar matarka," mu yi dariya, in tashi in fita.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne, ni an samo wa hannuna wani aiki da aka yarda da shi. Ƙanwata ba wanda ya samo wa idonta komai. Da na koma zaure aka daina aikenmu gona tare, kurciyoyi suka daina shigowa, Baffa ya ce igiya ta ɗauke min hankali daga harbi. Ita kuma aka miƙa mata taɓarya. Ba ta yi ƙorafi ba, don ba ta san akwai abin ƙorafi a ciki ba. Yanzu malamar firamare ce, 'ya'yanta biyar, ta ce min har gobe in ƙadangare ya dame ta a kan shanya, dutse ɗaya take ɗauka.

Shekara talatin ban ƙara taɓa gashin kowa ba. Na yi karatu, na samu aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Al Sabkha, na yi aure, matata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan. Ban taɓa ba ta wannan labari ba. Sai shekarar da korona ta rufe gari, aka hana shiga gidajen juna. 'Yar Nijar ɗin da take zagayowa tana yi wa 'yarmu kitso ta daina zuwa. Matata tana fita tun da safe, ta dawo a gajiye, ta wuce banɗaki kai tsaye, tana tsoron ko rungumar yarinyar ta yi. Ni nake gida da 'yar shekara biyar da kwamfuta. Azumi ya zo ƙarshe, kan yarinya ya cukurkuɗe har mataji ba ya shiga. Uwar ta ce in abin ya gagara sai dai a rage shi da almakashi, ai zai sake tsirowa. Yarinyar ta dafe kanta da hannu biyu ta fashe da kuka.

Ranar jajiberi, bayan uwar ta fita, na kunna mata katun, na ajiye matashi a ƙasa, na ɗauko man kaɗe da mataji mai tsinin baya. Na leƙa na tabbatar ƙofa a kulle take, ni da nake hawa na huɗu a garin da ba wanda ya san kakana. Layi biyun farko sun karkace, na warware. A na uku yatsuna suka daina jiran umarnina.

Da matata ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, takunkumi a fuska, ta dubi yarinyar, ta dube ni.

"Wace ce ta shigo gidan nan? Ka san an hana."

Na ce ba wanda ya shigo. Ta ce kada in raina mata hankali. Yarinyar ta ce, "Abba ne!" Sai da na warware jela ɗaya na sake kitsawa a gabanta. Ta zauna a kan kujerar cire takalmi tana dariya har da hawaye, ta ce shekara bakwai tana yawon neman makitsiya a yankin Deira, ashe da ita take kwana a gida.

Bayan an buɗe gari muka haɗu a lif da maƙwabciyarmu, wata 'yar zangon Kumasi da ke aiki a otal. Ta shafa kan yarinyar ta ce kai, wannan kitso ya yi kyau, a ina? Kafin in buɗe baki 'yata ta ba ta amsa. Matar ta ce to alhamdu lillahi, gobe za ta turo min tata. Na ji kunnuwana sun yi zafi kamar ina tsakiyar dandali. Na ce mata a'a, wasa ne kawai, ban iya ba.

Na ɗauka a kaina kaɗai abin ya tsaya, sai wata Asabar da na kai yarinyar shagon kayan wasa don ta zaɓi abin da take so. Na nufi layin 'yan tsana, na waiwaya ban gan ta ba. Tana can ɗaya ɓangaren, ta rungumo wata jar mota mai rimot, tayoyinta manya-manya. Ban yi tunani ba, maganar ta fito da kanta.

"Ajiye, Mamana, wannan na maza ne."

Muryar Baffa ce sak, har da yadda yake jan ƙarshen magana. Yarinyar ba ta ajiye ba. Ta ɗaga kai ta dube ni, ba da rashin kunya ba, tambaya ce take son a ba ta amsarta.

"Abba, kitso fa na su waye?"

Na tsaya a tsakanin layukan nan biyu, ɗaya ruwan hoda ɗaya shuɗi. A nan babu zaure, babu ƙuryar gida, ɗaki biyu ne da falo, maza suna girki a kowane gidan cin abinci, mata suna tuƙa tasi. Duk da haka na tsallako teku da rabon da aka yi mana a tsakar gida, ina shirin miƙa wa 'yata ba tare da na duba ba. Ba na zargin su Baffa. Abin da suka tarar suka ba mu, kuma da ƙauna suka bayar. Ni ne ba ni da uzurinsu, don na san yadda abin yake a jiki.

Muka fito da motar. Yanzu duk ranar Juma'a bayan mun ci abinci tana zama a kan matashi tsakanin ƙafafuna, rimot a hannunta, motar tana karo da ƙafafun kujeru, ni ina ce mata ta daina juya kai. Har yau ban yi wa 'yar maƙwabciyarmu kitso ba. Amma makon jiya da uwar ta sake tambaya a bakin lif, ban ce ban iya ba. Na ce ta tsefe mata kan, ta wanke, zan aiko a kira ta.